Adele kafin duniya ta san ta: matakalar da ta taka daga 1988 zuwa 2009

Duk lokacin da aka tashi ba da labarin yadda mawaƙiyar Birtaniya Adele ta fito, akan dunƙule shi ne a jimla biyu ko uku: wani abokinta ya ɗora waƙoƙinta a intanet, wani kamfani ya ji muryar ya ɗauke ta, daga nan sai ɗaukaka. Babu ƙarya a wannan bayani, sai dai ya tsallake kusan duk abin da ya sa al'amarin ya yiwu. Tsakanin ranar da aka haife ta a 1988 da daren da ta karɓi lambobin Grammy biyu, manyan lambobin yabo na waƙa a Amurka, a 2009 akwai makarantar gwamnati, akwai ƙaramin kamfanin waƙa mai haƙuri, akwai BBC, akwai kasuwar faifai da ta shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi, sannan akwai wata tsohuwar tambaya game da launin fata wadda har yau Birtaniya ba ta gama amsa ta ba. Muryar tata ce, wannan babu mai ja, amma matakalar da ta taka wasu ne suka gina, kuma ba kowa ne aka bai wa damar hawanta ba.

An haifi Adele Laurie Blue Adkins ranar 5 ga Mayu, 1988, a Tottenham, unguwar masu ƙaramin ƙarfi a arewacin Landan, inda mutanen da suka fito daga tsibiran Karibiyan da Afirka ta Yamma da Turkiyya suke zaune ƙofa da ƙofa da Turawan Ingila. Mahaifiyarta ba ta cika shekara 20 ba lokacin da ta haife ta, mahaifinta kuma, mutumin yankin Wales, ya bar gidan tun tana ƙanƙanuwa, saboda haka uwar ce ta raine ta ita kaɗai tana haɗa sana'o'i iri-iri. A 1997 suka koma Brighton a gaɓar tekun kudu, bayan shekara biyu suka dawo Landan, suka fara zama a Brixton kafin su tare a West Norwood. Brixton kuwa tana cikin unguwannin da mutanen Jamaika suka fi kafuwa tun bayan zuwan jirgin ruwan Empire Windrush a 1948, don haka yarinyar da ta tashi a can ba ta buƙatar a koya mata kiɗan baƙaƙen fata a aji, tana jin sa daga motoci da shaguna da gidajen ƙawayenta.

Waƙoƙin da ta fara so ba su da alaƙa da soul, salon kiɗan da aka fara danganta ta da shi daga baya. Ta sha faɗa cewa Spice Girls ne suka fara sace mata zuciya, sannan bayan komawarsu kudancin Landan ta shiga sauraron Destiny's Child da Aaliyah da Mary J. Blige kamar sauran sa'o'inta. Juyin ya zo ne tana tsakanin shekara 14 da 15, a wani shagon faifai na HMV, inda ta ci karo da faya-fayan Etta James da Ella Fitzgerald cikin kayan da aka karya wa farashi. Kamar yadda ta bayyana daga baya, hoton da ke bangon faifan ne ya fara jan ta, wato gyaran gashin Etta James da irin kallon da take yi. Da ta saurara sai ta kamu, har ta mayar da shi al'ada ta kunna Etta James na kimanin sa'a guda kowane dare tana bin ta baiti-baiti, tana gwada inda muryarta take iya kaiwa da inda take karyewa.

Soul kiɗa ne da baƙaƙen fatar Amurka suka ƙirƙira a shekarun 1950 da 1960, lokacin da mawaƙa irin su Ray Charles da Sam Cooke suka ɗauko salon waƙar coci, da jan baiti da amsawar jama'a, da ɗaga murya har ta dishe sannan a sassauta ta, suka ɗora a kan zancen soyayya da rabuwa da ƙuncin rayuwa. Kamfanonin Motown a Detroit da Stax a Memphis da Atlantic a New York da Chess a Chicago su ne suka yaɗa shi a duniya. Kusan duk manyan mawaƙansa a coci suka buɗe baki: Aretha Franklin 'yar wani fitaccen mai wa'azi ce a Detroit, ita ma Etta James a ƙungiyar mawaƙan wani coci a Los Angeles ta fara tun tana shekara biyar. A ƙasar Hausa ma mawaƙi yakan daɗe yana ɗan amshi a bayan ubangidansa kafin ya kafa nasa rukunin. Adele ba ta yi amshi a bayan kowa ba, ba ta kuma tashi a coci ba; malamanta faya-fayai ne da aka ɗauka shekara arba'in kafin ta saurare su, a wata ƙasa, cikin wani yanayi na wariya da ita ba ta taɓa ɗanɗanawa ba.

Ba ita ce ta fara bin wannan hanya a Ingila ba. Dusty Springfield, Baturiya 'yar Landan, ita ce ta jagoranci wani shirin talabijin na musamman a 1965 wanda ya gabatar da mawaƙan Motown ga jama'ar Birtaniya, a 1968 kuma ta tafi Memphis ta yi aiki da makaɗan can. A shekarun 1970 samarin garuruwan masana'antu na arewacin Ingila sukan kwana suna rawa a ɗakunan casu irin su Wigan Casino da tsofaffin faya-fayan soul waɗanda ko a Amurka an manta da su. Daga baya baƙaƙen fatar Birtaniya suka fitar da nasu salon: Sade, wadda aka haifa a Ibadan a 1959, ta mamaye duniya daga 1984, ƙungiyar Soul II Soul ta biyo baya a 1989. Kunnen mutanen Ingila ya riga ya saba da wannan kiɗa tun kafin a haifi Adele.

Abin da ya cike mata gurbin coci shi ne makarantar BRIT School da ke Selhurst a gundumar Croydon, kuma a ganina ita ce mataki mafi muhimmanci a duk labarin, duk da cewa ita aka fi mantawa da ita. An buɗe ta a 1991 domin yara daga shekara 14 zuwa 19 masu sha'awar waƙa da rawa da wasan kwaikwayo da aikin situdiyo. Ba a biyan kuɗin makaranta: gwamnati ce ke ɗaukar nauyin kaso mafi girma, gidauniyar kamfanonin faifai na Birtaniya kuma tana tallafawa da kuɗin da ake samu daga bikin lambobin BRIT na shekara-shekara. Makarantun fasaha masu zaman kansu suna nan a Landan tun da daɗewa, amma kuɗinsu ya fi ƙarfin uwa mai raino ita kaɗai. A BRIT School yarinya takan samu ɗakin gwaji da kayan kiɗa da na'urar ɗaukar murya da malaman da suka san kasuwar, takan kuma hau dandamali a gaban 'yan uwanta ɗalibai sau da yawa har tsoro ya ragu. Ana koya musu yadda kwantiragi yake da yadda kuɗin waƙa yake yawo tsakanin marubuci da mawaƙi da kamfani, ilimin da rashinsa ya talauta mawaƙan soul da yawa a Amurka, ciki har da waɗanda waƙoƙinsu suka tara wa kamfanoni dukiya.

Leona Lewis da Jessie J sun yi zamani da ita a makarantar, Amy Winehouse ma ta ɗan zauna a can kafin su. Wani abin lura shi ne Adele ba ta ɗauki kanta a matsayin wadda za ta yi fice a gaban makirufo ba. Burinta a lokacin shi ne ta yi aiki a sashen kamfani da ke farauto sabbin mawaƙa. Ta kammala a watan Mayu na 2006.

Waƙoƙi ukun da abokin nata ya ɗora a MySpace, wani dandalin sada zumunta na intanet, aikin aji ne, a makarantar aka ɗauke su. Wannan kaɗai ya isa ya rage wa labarin sa'ar intanet armashi, domin dubban matasa suna da shafi a MySpace a wancan lokaci, amma ƙalilan ne suke da waƙoƙin da aka ɗauka da kayan aiki masu kyau bayan shekarun horo. Da kamfanin XL Recordings ya aiko mata saƙo, ba ta yarda cewa da gaske ne ba, saboda Virgin ne kawai kamfanin da ta san sunansa, har sai da ta ja wani abokinta ya raka ta wajen ganawar don gudun faɗawa hannun 'yan damfara. A watan Satumba na 2006 ta sa hannu.

XL ƙaramin kamfani ne mai zaman kansa da aka kafa a 1989 domin kiɗan rawa, kuma a ƙarƙashin Richard Russell ya yi suna da The Prodigy da Dizzee Rascal da M.I.A. Al'adarsa ita ce ya fitar da kundi kaɗan a shekara, ya bar mawaƙi ya yi abin da ya iya. Babu wanda ya tilasta wa Adele ta koyi rawa ko ta sauya sura ko ta rera abin da wasu suka rubuta mata, kuma an ba ta wata 16 tsakanin sa hannu da fitowar kundin farko. Manajan da aka haɗa ta da shi, Jonathan Dickins, ɗan gado ne a harkar: mahaifinsa babban dillalin shirya wa mawaƙa wasanni ne, baffansa ya shugabanci reshen Warner na Birtaniya, kakansa Percy Dickins kuma shi ne ya tsara jadawalin farko na waƙoƙin da aka fi saye a ƙasar a 1952. Yarinyar da ba ta san kowa a masana'antar ba ta wayi gari tana da wakili wanda babu ƙofar da bai san mai gadinta ba.

Daga nan BBC ta karɓa. A watan Yuni na 2007, kafin ta fitar da ko faifai ɗaya, an gayyace ta shirin Jools Holland na tashar BBC Two, inda ake jera mawaƙa a zagaye cikin ɗaki guda, kowa ya yi waƙarsa sauran suna kallo. A daren akwai Paul McCartney, akwai Björk, ita kuma ta zauna da jitarta ta rera "Daydreamer" ba tare da makaɗi ko ɗaya a bayanta ba. A watan Oktoba aka buga "Hometown Glory" a 'yan faya-fayai kaɗan, waƙar da ta rubuta tana shekara 16 bayan sun yi sa-in-sa da mahaifiyarta, wadda take son ta bar Landan ta tafi jami'a a wani gari. A Disamba aka sanar cewa ita ce za ta fara karɓar sabuwar lambar BRIT ta zaɓin masu sharhi, a Janairun 2008 kuma ta zo ta ɗaya a ƙuri'ar da BBC ke yi kowace shekara kan sabon mawaƙin da ake sa ran zai yi fice, Duffy 'yar Wales tana biye da ita. Irin wannan ƙuri'a tana da wata siffa da ya kamata a lura da ita: masu jefa ta su ne 'yan jaridar da za su yi rubutu a kan mawaƙin da ma'aikatan rediyon da za su zaɓi waƙoƙin da za a riƙa sakawa, saboda haka hasashensu yakan tabbatar da kansa.

Me ya sa duk waɗannan mutane suka zuba ido a kan mace mai irin wannan murya a daidai wannan lokaci? Amsar tana cikin aljihun kamfanoni. Tun daga bayyanar Napster, manhajar musayar waƙoƙi ta intanet, a 1999 matasa suka koma sauke waƙa kyauta, cinikin faifai ya yi ta raguwa shekara bayan shekara, waɗanda suka rage suna saye kuma yawanci manya ne da ke jefa faifai cikin kwando tare da cefane a manyan kantuna. Sai ga Amy Winehouse ta fitar da "Back to Black" a Oktoban 2006, da kiɗa irin na shekarun 1960 da kalmomi irin na titin Landan na yau, ya zama kundin da aka fi saye a Birtaniya a 2007, ya kuma kawo mata Grammy biyar a Fabrairun 2008. Kamfanoni suka gane cewa ga kiɗan da uwa da 'yarta za su iya saye tare, kowanne ya bazama neman tasa Amy. Adele da kanta ta amince cewa Amy ce ta share wa irinsu hanya, ko da yake ta ƙi yarda a zuba su a kwando ɗaya, tana cewa abin da ya haɗa su shi ne dukansu mata ne, ba salon waƙa ba.

Kundin "19" ya fito ranar 28 ga Janairu, 2008, ya hau matsayi na ɗaya a makon farko da ciniki sama da kwafi dubu 70. Sunansa shekarunta ne lokacin da ta rubuta yawancin waƙoƙin, kuma mafi yawansu a kan soyayyar da ta watse suke. Jim Abbiss, wanda ya haɗa kundin farko na Arctic Monkeys, shi ya yi kaso mafi girma na aikin situdiyo, Eg White ya taya ta rubuta "Chasing Pavements" wadda ta tsaya a matsayi na biyu, Mark Ronson kuma, ɗaya daga cikin waɗanda suka haɗa wa Amy kundinta, ya sa hannu a "Cold Shoulder". Masu sharhi da dama sun ce muryar ta girmi alƙalamin, ita ma ba ta musa ba. Wanda ya saurari kundin da kunnen basira zai ji cewa rabinsa jita ce ko fiyano da murya kawai, abin da ya fi kusa da waƙar gargajiyar Turawa ta zamani, har da waƙar Bob Dylan guda ɗaya da ta sake rerawa. Soul ɗin yana cikin maƙogwaronta ne, a yadda take jinkirta kalma ta biyo bayan kiɗa da yadda take barin muryar ta ɗan tsage a ƙarshen baiti, ba a cikin tsarin kiɗan ba.

A nan ne Estelle ta shigo. Ita baƙar fata ce haifaffiyar yammacin Landan, mahaifiyarta 'yar Senegal, mahaifinta ɗan Grenada, ta fitar da kundinta na farko a 2004, amma sai da ta ƙaura zuwa New York ta shiga kamfanin John Legend kafin ta samu goyon bayan da take nema. A watan Maris na 2008, daidai lokacin da waƙarta "American Boy" ta sauke ta Duffy daga matsayi na ɗaya, ta yi hira da jaridar Guardian inda ta tambayi dalilin da ya sa babu matashiyar baƙar fata ko ɗaya da jaridu ke tallatawa a matsayin mawaƙiyar soul, ta kuma ce a matsayinta na baƙar fata ba za ta yarda a nuna mata Adele da Duffy a ce mata wannan shi ne soul ba. Maganar ta tayar da ƙura, wasu suka fassara ta da hassada.

Ba hassada ba ce, ko da yake lissafin bai miƙe sarai kamar yadda ta faɗa ba. Corinne Bailey Rae, wadda mahaifinta baƙar fata ne, ta ci ƙuri'ar BBC ɗin nan a 2006 kuma kundinta ya hau na ɗaya, Leona Lewis ma ta ci gasar X Factor a ƙarshen wannan shekara ta kuma kai ƙololuwa har a Amurka. Sai dai tsarin da Estelle take kuka da shi yana nan. Masana'antar ta daɗe tana ware wa baƙaƙen mawaƙa wani rukuni na daban da take kira kiɗan birni, mai tashar rediyonsa, wato 1Xtra da BBC ta buɗe a 2002, da bikin lambobinsa na MOBO da aka fara a 1996. An kafa waɗannan ne da kyakkyawar niyya, don a ba wa waɗanda aka yi watsi da su dandamali, amma sun kuma zama uzurin barin su a can gefe. Beverley Knight, 'yar Wolverhampton wadda ta tashi a coci kamar manyan Amurka, ta shafe fiye da shekara goma tana waƙar soul kafin 2008 ba tare da an yi mata irin gangamin da aka yi wa 'yar shekara 19 ba. Baturiya mai irin wannan murya abin mamaki ce da ake kaiwa manyan tashoshi, baƙar fata mai irinta kuwa ana ganin ai dama haka ya kamata ta iya. Laifin ba na Adele ba ne, kuma ba ta taɓa ɓoye sunayen waɗanda ta koya daga gare su ba. A bikin Grammy na 2017 ma, da aka ba ta lambar kundin shekara, a kan dandamali ta ce Beyoncé ce ta cancanta.

Amurka ta kusa kuɓuce mata. An ƙulla yarjejeniya da kamfanin Columbia a Maris na 2008, kundin ya fito a can ba tare da wani motsi ba, sannan ta soke wasannin da aka shirya mata domin ta zauna kusa da saurayinta, matakin da daga baya ta danganta da ƙuruciya da yawan shan giya. Abin da ya cece ta siyasa ce. An gayyace ta shirin barkwanci na Saturday Night Live na ranar 18 ga Oktoba, 2008, saura mako biyu da 'yan kwanaki a yi zaɓen da Barack Obama ya ci, kuma a daren ne Sarah Palin, 'yar takarar mataimakin shugaban ƙasa ta jam'iyyar Republican, ta bayyana a shirin bayan makonnin da 'yar wasan barkwanci Tina Fey ta yi tana kwaikwayonta. Mutum kusan miliyan 17 suka kalla, adadin da shirin bai gani ba cikin shekara 14. Sun zo kallon Palin ne suka tarar da Adele, washegari kundin ya hau saman jadawalin iTunes, shagon sayar da waƙa na intanet, a mako na gaba kuma ya kai matsayi na 11 a jadawalin Billboard na kundayen da aka fi saye a Amurka. Idan akwai sa'a tsagwaronta a wannan labari, to wannan daren ne, amma ko shi sai da aka samu kamfani irin Columbia da zai iya sama mata gurbi a shirin.

Ranar 8 ga Fabrairu, 2009, a Los Angeles, matan nan uku duka sun koma gida da lambar Grammy. Adele ta karɓi ta sabon mawaƙin da ya fi fice da ta macen da ta fi iya rera waƙar pop, Duffy ta karɓi ta kundin pop, Estelle kuma aka ba ta a rukunin haɗin gwiwar rap da rerawa, ita da Kanye West. A wancan lokaci Duffy ce ke gaba a kasuwa, domin kundinta ne aka fi saye a Birtaniya a 2008. Sai bayan fitowar "21" a Janairun 2011, wanda aka sayar da fiye da kwafi miliyan 30 a duniya, jama'a suka koma baya suna neman "19", har kundayen biyu suka riƙe matsayi na ɗaya da na biyu a Birtaniya a lokaci guda, "19" kuma ya kai matsayi na huɗu a Amurka a 2012, shekara huɗu bayan fitowarsa.